Tsoffin Kuɗin Azurfa: Da Sikeli Za A Sayar Ko Da Ido?

  

Wani ɗan'uwa ɗan kasuwa ya aiko mini da doguwar wasiƙa, ga abin da ta ƙunsa a taƙaice. Mahaifiyarsa ta rasu, Allah Ya jiƙanta, da aka zo haɗa kayan gado sai aka tarar da wata tsohuwar kwalla a ƙasan adaka, cike da fararen kuɗi irin na da. Akwai liyari 31, da riyalolin Makka kaɗan na tsarabar hajji, sa'an nan suloli da fataka da sisi da taro sun fi 200, mafi yawansu sun suɗe. Kafin a raba gadon sai ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya bi ta, ya bar yara biyu ƙanana, saboda haka haƙƙin marayu ya shiga cikin kwallar. Wani maƙerin azurfa ya juye kuɗin duka a kan sikeli ya yi musu tayi ɗaya. Wani mutum kuma, mai saye yana kai wa masu tara tsoffin kuɗi don sha'awa, ya tsince bakwai kaɗai daga ciki, ya taya su da tsada, amma ya ce zai ba da rabin kuɗin nan take, sauran sai ya komo daga Legas, in kuwa ba su yarda ba to ya musanya musu da wasu liyarai waɗanda suka fi su nauyi. Ƙaramin ƙanensu kuwa cewa ya yi a daina wahala, a ƙirga a raba kowa ya ɗauki nasa. Mai wasiƙa yana tambaya, wanne ne daidai?

Amsa ita ce, babu ko ɗaya daga cikin ukun da za a karɓa yadda ya zo. Amma tun da yake hukunci a kan abu reshe ne na sanin abin, bari mu fara da sanin abin da ke cikin kwallar.

Tsohon kuɗin azurfa yana da farashi biyu. Na farko farashin azurfar da ke jikinsa, wanda sikeli ke faɗa. Na biyu farashin ƙarancinsa da kyawun jikinsa, wanda idon masani ke faɗa. Na farkon shi ne ƙasa, watau ba ya halatta ga mai riƙe da amanar wani ya sayar a ƙasa da shi ba tare da dalili ba. Na biyun kuwa ba kowane kuɗi ke da shi ba, kuma yawancin ɓarnar da ake yi a wannan ciniki daga cakuɗa su biyun take tasowa: mai saye ya biya farashin sikeli a kan abin da ya san na ido ne, ko mai sayarwa ya nemi farashin ido a kan abin da bai wuce sikeli ba.

Mu ɗauki liyari, wannan babban kuɗi mai hoton mace a fuska ɗaya da mikiya mai kai biyu a ɗayar. Kuɗin ƙasar Ostiriya ne, matar kuwa sarauniyarsu ce, Mariya Tiriza. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗigo, kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce, sauran jan ƙarfe, saboda haka tsantsar azurfar da ke cikinsa giram 23 ce da kusan rabi. Fatake ne suka ƙetaro da shi ta Sahara, kuma Bature matafiyin nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tarar ana canjinsa a wuri 2,500 a Kano a shekarar 1851. Duk wanda ka ɗauka za ka ga an rubuta 1780 a jikinsa, to a nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Wannan shekarar rasuwar sarauniyar ce. Da aka ga Larabawa da Habashawa da mutanen Sudan ba su yarda da wani kuɗi kamarsa ba, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba a sake ta ba, a Biyana, daga baya har a Roma da Faris da Landan da Bambe, miliyoyi ɗari-ɗari, kuma gidan buga kuɗi na Biyana bai daina buga shi ba. Ashe ke nan liyarin da ke hannunka yana iya zama na zamanin Shehu Usmanu, yana kuma iya zama ƙanen mahaifinka a shekaru. Wanda ya san haka ya kuma ce wa mai saye, "Dubi shekararsa, ya haura shekara 240," to ya yi algus, ko da kuwa lambar da ya nuna tana nan a rubuce.

Riyalin Makka na azurfa, wanda aka fara bugawa da wannan ƙirar a 1354 bayan Hijira, watau 1935, nauyinsa giram 11 da biyu bisa uku, azurfarsa kashi 917 cikin 1,000. Wannan ba shi da rikici.

Rikicin yana wajen kuɗin Ingilishi. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa daga 1913, sule da fataka masu hoton itacen kwakwa, azurfarsu kashi 925 cikin 1,000. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada har ƙarfen sule ya so ya fi sulen daraja, mutane suka shiga ɓoyewa da narkarwa, saboda haka a 1920 aka koma buga su da tagulla. Shekarar 1920 ɗin kanta shekarar rikiɗa ce, akwai na azurfa akwai na tagulla, sai an gwada. Kuɗin Ingila kanta, masu kan sarki da tambarin gidan sarauta, su ma sun yi yawo a ƙasar nan. Nasu har zuwa 1919 kashi 925 ne, daga 1920 zuwa 1946 rabi azurfa rabi gami, daga 1947 kuwa babu ko ƙwayar azurfa a cikinsu, fari ne kawai na jan ƙarfe da nikel. Haka sulen Nijeriya na 1959, wanda aka ci kasuwa da shi har naira ta zo a 1973, haka kuma kwabo da ɗari da anini masu huji, duk ba azurfa ba ne. Maganaɗisu yana tona asirin jabun da aka yi da baƙin ƙarfe, amma ba ya kama tagulla ko wannan farin gami, don haka kada a dogara da shi shi kaɗai. Shekara da nauyi da amon kuɗin in an ƙyasta shi, da dutsen gwaji na maƙera, su ne shaidu.

To, ga lissafin, kuma na roƙi 'yan'uwa ma'aikata masu alƙalami a aljihu su koya wa iyayenmu shi. A auna kuɗin, a ɗauki kason azurfarsa, a buga da farashin giram ɗaya na tsantsar azurfa a ranar. Farashin duniya a Landan ake yanke shi kowace ranar aiki, da dalar Amurka, a kan oza ɗaya ta masu zinariya, wadda take giram 31 da ɗigo 1. A ce, don misali kawai, giram ɗaya ya kama naira 2,000. Liyari cikakke zai tashi kusan naira 46,800. Fataka cikakkiya nauyinta giram 11 da ɗigo 3. In ta 1915 ce, azurfarta ta kusa giram 10 da rabi, watau kusan naira 20,900. In ta Ingila ce ta 1930, naira 11,300. In ta 1950 ce, ba ta da kome wajen maƙeri. Fataka uku ke nan, girmansu ɗaya, farinsu ɗaya a idon tsohuwa, amma dubi tazarar da ke tsakaninsu. Wannan shi ne aibin tayin maƙerin nan. Wanda ya juye su duka a sikeli ɗaya dole ya yi ƙiyasi, mai ƙiyasi da kuɗinsa kuwa ba ya ƙiyasta wa kansa asara. Na ce "a ranar" da gangan, domin azurfa ba ta da zama wuri ɗaya. A Janairun 1980 oza ta kusa dala 50, kafin ƙarshen Maris na shekarar ta faɗo ƙasa da dala 11, ba ta sake kusantar 50 ba sai a 2011, ba ta kuma haye ta ba sai a Oktoban 2025. Farashin da maƙwabcinka ya sayar bara ba hujja ba ne yau.

Suɗewa fa? Kuɗin da ya sha hannu yana raguwa, ƙarami kuma ya fi babba saurin raguwa, taro ya fi liyari. Sai dai ragin bai kai yadda ake tsoratar da mutane ba. 'Yan kasuwar Amurka, waɗanda suka daɗe suna cinikin tsoffin kuɗinsu buhu-buhu, suna lissafa buhun da ya fito sabo da oza 723 a kan oza 715 bayan ya sha yawo, watau ragin ɗan fiye da kashi 1 cikin 100. Wanda ya suɗe ƙwarai har rubutunsa ya ɓace ya fi haka raguwa, amma ai ba sai an yi gardama ba, sikeli yana nan. In liyari ya sauko giram 27, azurfarsa giram 22 da rabi, naira 45,000 a misalinmu. Abin da ba shi da kyau shi ne a auna, sikeli ya riga ya cire suɗewar, sa'an nan mai saye ya sake cewa, "Ai ya suɗe," ya ƙara ragewa. Ya cire abu ɗaya sau biyu. Maƙeri yana da haƙƙin ya rage ladan narkarwa da tacewa da ribarsa, wannan halal ne, amma ya faɗe shi a fili: azurfarka kaza ce, ni kuwa a kaza zan saya. Fataken da ma sun san wannan, shi ya sa sukan duba 'yan ɗige-ɗigen da ke maɓallin mayafin sarauniyar a kafaɗa, in sun shafe su ƙi karɓar liyarin a cikakken canji.

Masu tarawa don sha'awa kuwa wata duniya ce dabam. Su ba azurfa suke saye ba, ƙaranci suke saye da lafiyar jiki. Suna duba shekara, da ɗan ƙaramin harafin da ke nuna gidan da aka buga kuɗin, kamar H ko KN a kuɗin Afirka ta Yamma, suna kuma da matakai na kyawun jiki, a Amurka daga 1 har zuwa 70. Sule biyu na shekara ɗaya, wanda bai taɓa shiga kasuwa ba yana iya ninka suɗaɗɗen sau da yawa. Har akwai sulen 1920 mai harafin G, na tagulla ne ma, amma saboda kaɗan aka buga ya fi 'yan'uwansa na azurfa daraja a wurinsu. Kuɗin da aka huda, ko aka liƙa masa kunne don ratayawa kamar yadda matan Fulani ke yi wa kitso ado, ko ya suɗe har shekararsa ba ta karantuwa, galibi ya fita daga hannunsu ya koma sikeli. Kuma ina gargaɗin mata da babbar murya, kada a ce za a kai kasuwa a ɗauko toka da tsamiya ko lemun tsami a goge. Wannan duhun da shekaru suka sa wa azurfa su abin so ne a wurinsu, gogewa kuwa tana barin ƙananan zane waɗanda madubinsu ke gani, sai a wayi gari an kankare rabin kuɗin da hannu. Gaskiyar da ba a son ji ita ce, a cikin kwalla irin wannan mafi yawa na sikeli ne, 'yan kaɗan ne na ido. Labaran da ake bazawa na kwabo ɗaya mai sayen gida, waɗanda suka sa wasu bayin Allah yawo ƙauye-ƙauye, tarkon 'yan damfara ne.

Yanzu sai hukunci. Azurfa tana cikin abubuwa shida da hadisin Ubadatu ɗan Samit, wanda Muslim ya ruwaito, ya jera. Sharaɗinsu shi ne in za a musanya jinsi da jinsinsa sai daidai da daidai kuma hannu da hannu, in jinsi ya saɓa to fifiko ya halatta amma jinkiri bai halatta ba. Daidai ɗin nan da awo ne. Sahabbai sun yi ciniki da dirhamin Farisa masu hoton Kisra, manya da ƙanana, tun kafin Abdulmalik ɗan Marwan ya buga kuɗin Musulunci tsantsa wajen shekara ta 77 bayan Hijira, kuma auna su suke yi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa yadda wani maƙeri ya bi Abdullahi ɗan Umar yana neman ya sawwaƙe masa ya karɓi ƙarin nauyi a madadin aikin hannunsa, Ɗan Umar ya hana shi, ya yi ta maimaita tambaya shi kuma yana maimaita hani. In ƙira ba ta halatta ƙari ba, tsufa da ƙaranci ba za su halatta ba. Na san Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun sawwaƙe a kayan ado da aka ƙera, amma jumhuru ba su bi su ba, kuma maganarsu a kan ado ce. Na kuma san malamanmu Malikawa sun yi rangwame a babin mubadala, a musanya kuɗi kaɗan da bai kai bakwai ba da wanda ya ɗan fi shi nauyi, amma wannan a kuɗin da ake ciniki da shi da ƙirga ne, kuma bisa kyautatawa daga gefe ɗaya. Mai neman riba ba ya shiga ta wannan ƙofa. Saboda haka musanyar da mutumin nan ya kawo, bakwai ɗinku da liyarai masu nauyi, riba ce, a bar ta.

Mafita a buɗe take, kuma ita ce wadda aka nuna wa ma'aikacin Haibara da ya musanya dabino mai kyau da ninkinsa na maras kyau: a sayar da kuɗi, sa'an nan a sayi abin da ake so. Ku sayar masa da naira, ko nawa kuka daidaita, ko da ya ninka farashin sikeli sau goma, halal ne, domin jinsi ya saɓa. Sharaɗi ɗaya ya rage, hannu da hannu. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta tabbatar da cewa kuɗin takarda yana ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa a babin riba da zakka. Don haka "rabi yanzu, rabi in na komo daga Legas" bai inganta ba. Ya biya duka a zaman ciniki, ko da ta banki ne muddin kuɗin ya shiga kafin ku rabu. In ba shi da hali, to ya sayi uku ya biya, ko ku naɗa shi wakili ya tafi da su amana ya sayar muku a kan lada sananne, da shaidu da rubutu.

Akwai abin da na fi jin tsoro ga masu saye, domin yawancin masu kawo irin wannan kaya tsofaffi ne da zawarawa. Malamanmu sun kawo misalin wanda ya sayar da dutse da araha, daga baya ya bayyana yaƙutu ne. Suka ce in da sunan dutse ya sayar, bai tambaya ba, alƙali ba zai warware cinikin ba, shi ya yi sakaci. Wasu 'yan kasuwa sun riƙe wannan kamar lasisi. To su sani, hukuncin yana sakewa in mai kaya ya sallama maka, ya ce, "Ban san kansa ba, saya yadda ake saye." Wannan shi ne mustarsil, cutarsa haramun ce, yana kuma da zaɓin warwarewa. Ibnu Asim a cikin Tuhfa ya ambaci ra'ayin da ke ba wanda aka yi wa kamunga damar ƙara, in jahilin farashi ne, kamungar ta kai sulusi, shekara kuma ba ta wuce ba. Tsohuwar da ta kwance bakin zanenta ta ce maka, "Ɗana, duba mini wannan," ta riga ta sallama. In ka ga harafin da ka san ana nema ka ce mata, "Iya, duk na narkarwa ne," ka yi ƙarya kuma ka ci amana. An ruwaito cewa Jariru ɗan Abdullahi an sayo masa doki a dirhami 300, da ya ga dokin ya fi haka sai ya yi ta ƙara wa mai shi har 800, saboda mubaya'ar da ya yi a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Ba a ce kowa ya zama Jariru ba, amma ka ce mata, "Wannan ya fi sikeli, ni zan iya biyan kaza," ribarka ba za ta gudu ba.

Narkarwa kanta ba laifi. Hanin da aka ruwaito daga magabata, irin su Sa'idu ɗan Musayyib, game da yanke dinari da dirhami, a kan kuɗin da jama'a ke ciniki da shi ne. Waɗannan kuwa an daɗe da kashe su. Ni dai ina jin takaicin a jefa mai lafiyar jiki cikin wuta, alhali ga suɗaɗɗu nan da yawa.

Shawarar ƙanenku ta a ƙirga a raba ita ce mafi sauƙi kuma mafi hatsari, domin wani zai tashi da fatakar 1915, marayu su tashi da ta 1950. Ga abin da za ka yi, Alhaji. Kada a goge kome. A zauna gaban magada da wasiyyin yaran, a ware liyari, a ware riyal, a ware na kwakwa daga 1913 zuwa 1919, a ware na Ingila kashi uku bisa shekarun da na faɗa, na 1920 da waɗanda shekararsu ta shafe a kai wa dutsen gwaji. A auna kowane kashi dabam a rubuta. Bakwai ɗin da mutumin nan ya tsince, da duk wani mai kaifin rubutu wanda ba a huda ba, a nuna wa masani na biyu wanda ba shi ne zai saya ba, ko da za a biya shi ladan dubawa. Sauran a nemi tayin maƙera biyu ko uku a rana ɗaya. In an sayar a raba naira bisa farilla. Wanda yake son ya riƙe wani abu don tunawa da mahaifiya, a yi masa ƙima a cikin rabonsa. Babba yana iya yafe nasa, amma ba mai ikon yafe na maraya.

Game da zakka, nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595 na tsantsa, watau liyari 26, ko riyalin Makka 56, ko sulen kwakwa cikakke 114, suɗaɗɗu kuwa fiye da haka. Tun da an daina ciniki da su, tsantsar ake lissafawa ba ƙirga ba, a fitar da rubu'in ushuri, 2 da rabi cikin 100. Liyari 31 na marigayiya sun haura nisabi, saboda haka ku bincika ko tana fitarwa, in ta bar wasiyya a kan haka a zartar kafin rabo. Ku magada kuwa kowa zai fara ƙirga shekararsa daga ranar da rabonsa ya shiga hannunsa, ya haɗa da abin da yake da shi, rabon yaran ma wasiyyinsu ne zai lura da shi.

Allah ne Mafi sani. Wasiƙar ɗan'uwanmu ma'aikaci mai tambaya a kan adashin da ake zubawa da dala a kwashe da naira ta iso, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.